Bokitin Ciyawa a Ƙarƙashin Bene

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya tsayuwar asibiti? Ya haƙuri da abincin makaranta? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki da ta cika ɗaki. Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa wani abu a cikinki kafin ki shiga wajen marasa lafiya, kada ki je duba wani a ɓige da duba ki. Baba ma yana gaisuwa, shi zai ba abokinsa direba wannan takarda ya kawo miki.

Kada ki tambaye ni abin da ya hana ni kiran ki. Kin san wayar Mama. Ita za ta danna, ita za ta ƙure murya, ta zauna a gefe tana gyaran kayan miya, in kin yi tambaya ta riga ni amsawa. Ni kuma bakina a takarda kaɗai yake buɗewa.

Yaya, lemonki ba shi da lafiya. Gara in faɗa tun da wuri. Tun da kika tafi ban taɓa fashin ba shi ruwa ba, Allah ne shaida, amma ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, yanzu abin ya hau har sama. Ya koma kalar takardun tsofaffin littattafan soyayyar da kika bar mini a kwali. Ina tuna ranar da kika tofar da ƙwallonsa a gwangwani kika ce za mu gani, da ranar da muka mayar da shi rabin duron nan na kusurwar famfo, har ya zo ya fi ni tsawo kina tsokana ta wai bishiya ta riga ni girma. Da za ki tafi ba ki ce in kula da Mama ba, ba ki ce in kula da kaina ba. Cewa kika yi ga amanar lemona nan. To amanar ce take neman zubewa a hannuna.

Ba ma ciwon ne ya fi damuna ba, Uwar Bene ce. Kin san ta, don ta riga kowa kama haya a gidan nan ji take kamar ita ta aza tubalinsa. 'Yarta ta zo da jariri, wanki ya yi musu yawa, igiyar shanya ɗaya ba ta isar su. Sai ta ƙyalla ido ta ga kusurwarmu. Ta je ta samu wakilin mai gida ta ce tsakar gida ta cika da tarkace, shi kuma ya ce ƙarshen wata mai shara zai zo ya kwashe duk abin da ya mutu. Ta lissafa karyayyar kujera, da tsohuwar taya, da lemonki. A gabana ta faɗa, tana murza ganyensa da yatsa kamar mai taya yadi. Ban ce komai ba. Ai shi ya sa suke ce mini Shiru-shiru. Amma a zuciyata na ba ta amsa mai shafi biyu.

Na kai ƙara wajen Baba, ya ce maƙwabci ya fi bishiya. Mama ta ce ƙasar duron ce ta gaji, taki take so, amma ba za ta shiga rigimar bene a kan icen da bai taɓa ba ta ko lemo ɗaya ta matsa a shayi ba.

To ni na samo mafita. Malamar noma ta yi mana darasi a kan takin ruwa da ake yi da yankakkiyar ciyawa. Gaskiya ban ji duka ba, don ina ƙarƙashin tebur da littafin nan na likitan da ya manta matarsa bayan haɗarin mota, kuma daidai wurin da ya fara gane ƙamshin turarenta nake. Amma na ji muhimman: ciyawa, bokiti, ruwa, a bari ya tsimu. Da na ɗago kai har ta goge allo. Kada ki ce me ya sa ban tambaye ta ba. Ni da ko kiran suna ake yi sai ta kusa da ni ta amsa mini?

Ciyawar ma sai da na sha fama. Kin san filin ƙwallon da ke bayan katangarmu. Kullum ina jin ƙarar injin yankan ciyawa, da wani yana fito mai daɗi. Na daɗe da gama zana shi a raina: dogo, mai ɗan saje, ɗan masu hali ne da ya ɓoye kansa yana aikin ƙarfi don ya gane wadda za ta so shi tsakani da Allah. Na ɗauki buhu na zagaya. Yaya, tsoho ne. Ya girmi Baba nesa ba kusa ba, tabaraunsa ɗaure da zare, kuma giɓin haƙoransa ne ke sa fiton ya yi zaƙi. Ya dubi buhuna ya tambaye ni zomaye nawa gare ni. Na gyaɗa kai kawai. Ya cika mini buhu har baki, ya ce in gaishe da zomayen.

Tela na ƙasa ya ba ni bokitin fenti mai murfi. Na danna ciyawa har baki, na taka da ƙafa, na cika da ruwa, na buga murfin da dutse don kada kowa ya leƙa ya yi mini tambaya. Na tura shi can ƙarƙashin bene, bayan tsohon teburin keken ɗinki. Zan bar shi ya daɗe sosai. A duk littafin da na karanta, wanda ya fi haƙurin jira shi ke samun rabo.

Uwar Bene ta nemi wani wurin ta kafa ƙusar igiyarta. Lemon nan ba inda za shi.

Ki gaishe da ƙawayenki na ɗaki. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ya jarrabawar da kika ce tana tafe? Allah ya ba da sa'a. Mama da Baba suna lafiya, suna gaishe ki. Ni ma jikina lafiya, sauran kuma za ki ji.

Ki zauna kafin ki karanta. In kuma za ki yi dariya, ki yi ta a can ki gama, kada ki kawo mini saura.

Bayan kamar mako guda sai wani ɗan wari ya fara zagaya ƙasan bene. Tela ya ce ɓera ne ya mutu, ya fitar da yadikansa kaf yana nema. Uwar Bene ta ce masai ne, ta sa aka kira mai gyaran famfo, ya zo ya buɗe nan ya buɗe can bai ga komai ba. Ni ina wucewa da littafina a fuska kamar ban san zancen ba. Da rana ta take, kowa ya shige ɗaki, na lallaɓa na ɗan ɗaga gefen murfin. Abin da ya bugi hancina ba shi da suna. Ko a littafin da aka jefa jarumar a kurkukun ƙasa ba a kwatanta irinsa ba.

Yanzu ga inda za ki ji haushi. Turaren nan naki mai kwalba shuɗiya, wanda kika ɓoye a bayan akwati kika ce ko hannu kada in kai? Na juye shi a ciki. Duka. Na yi tunanin ƙamshi zai rinjayi wari, yadda alheri ke rinjayar mugunta a babin ƙarshe. Na mayar da murfi na ƙara bugawa da dutse, har na ɗora bulo a kai.

Ranar Asabar da hantsi, gida cike, kowa yana wanki. Uwar Bene ta gama wanke fararen kayan jariri, ta ajiye bahon a bakin matattakala za ta ɗauko abin maƙale shanya. Ashe murfin ya kumbura kamar cikin mai wata tara. Tela ya ja tsohon teburinsa yana neman ɓeransa, bulon ya zame, sai ji muka yi fam! Murfi ya yi sama, bokiti ya kife rabi, wani baƙin ruwa mai kumfa ya malalo ya bi ta ƙarƙashin bahon, ya fantsama a kan kayan. Warin kuwa, ruɓaɓɓiyar ciyawa ce ta auri turarenki, suka haifi abin da ya fi su duka biyun muni. Tela ya toshe hanci da ƙyalle ya ce shekararsa talatin yana ɗinkin amare bai taɓa jin amarya mai irin wannan ƙamshi ba.

Ba sai an yi bincike ba, kowa ya san wa Tela ya ba bokiti. Uwar Bene ta tsaya a tsakiyar gida ta wanke ni tas ba sabulu. Ta ce dama shiru-shiru ba tsoro ba ne, mugunta ce ke dahuwa a ciki. Ta ce karatun littattafan banza ya juya mini kai, yarinya ta zauna tana dafa wa mutane annoba a ƙarƙashin ƙafarsu. Mutanen sama duk sun leƙo ta baranda. Mama ta fito tana ba da haƙuri, ta ɗauki bahon ta ce ita za ta sake wankewa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, ganin Mama ta durƙusa tana tsince ciyawa daga rigunan jaririn wasu.

Sai Uwar Bene ta nuna bokitin ta ce in kwashe ƙazantata in zubar a kwata yanzun nan. Yaya, ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ɗauki bokitin da hannu biyu, na bi ta gabanta, na wuce kwatar ban ko kalle ta ba, na je na juye sauran gaba ɗaya a gindin lemonki. Na tsaya na dube ta. Ido cikin ido. A lokacin ji na yi kamar jarumar da ta tsaya a bakin ƙofa iska na kaɗa mayafinta.

Kwana biyu bayan nan ganyen suka fara naɗewa, bakinsu ya ƙone kamar an kara musu ashana. Suka yi ta zuba. Ina sharewa da sassafe don kada a gani, amma me za a ɓoye? Yanzu ko ganye ɗaya babu. Sanda ce tsaye da ƙayoyi. Da hannuna na yi masa abin da Uwar Bene ba ta yi masa ba.

Ita kuwa har ta sayo sabuwar igiya, ta rataye ta a ƙusa kusa da famfo inda zan riƙa gani. Baba ya yi mata alkawari da bakinsa cewa ranar da mai shara ya zo shi zai taya ɗaga duron. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska, na fito na ba lemon ruwa a gaban kowa. Tela ya ce in ƙara masa da addu'a, don gawa ba ta shan ruwa.

Ki yafe mini turaren. Lemon kuma ban ce ki yafe ba tukuna, don ban yarda ya mutu ba.

Ki rubuto mini ko layi biyu ne. Allah ya tsare mini ke.

Taki har kullum,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya. Na gode Allah da jarrabawarki ta yi kyau.

Takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, ko zan ga wata magana daban. Kin ce turare ba komai. Kin ce kin yi dariya har ƙawayenki suka karɓa suka karanta, na gode da tallar da kika yi mini. Sannan kin ce in bar su su ɗauke lemon, wai ice ne kawai, in kin dawo kya shuka wani, kada in ja wa Mama magana.

Ice ne kawai? Ni nan ina ta faɗa da bene guda a kan amanarki, ashe mai amanar ta daɗe da sakin igiya. Da Uwar Bene ce ta faɗi haka da ban ji zafi ba. Ke fa kika koya mini in murza ganyensa in shinshina in raina ya ɓaci. Ko kin san a gindinsa nake karatu tun da kika tafi, don nan kaɗai ne a gidan nan ba a ce mini in matsa?

To ki ji. Tunda kin yafe shi, na tsinta. Daga yau ba lemonki ba ne.

Kuma na yi abin da ba ki taɓa zaton zan iya ba. Da aka tashi darasi na bi Malamar noma har ofis. Na tsaya a bakin ƙofa ina murza gefen hijabina har ta ɗago ta ce lafiya. Na faɗa mata komai, har da littafin ƙarƙashin tebur, har da turare. Ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ja mini kujera.

Ashe duk abin da ya fi muhimmanci shi ne na rasa ina wajen likita da matarsa. Ba a cika bokiti da ciyawa, ana barin wuri. Ba a toshe shi, iska yake so, yadi mai huji-huji ake rufawa saboda sauro. Kullum sai an motsa shi da sanda. Kuma 'yan kwanaki kaɗan ake barin sa, kada ya kai mako, in ya wuce haka ruɓa yake yi. In an tace, ba a zuba shi haka tsagwaronsa, sai an sirka da ruwa har ya koma kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Ta ce in tambayi mai yankan ko ana fesa wa filin maganin kashe ciyawa, in ana yi kada in taɓa. Lemon kuma ta ce kada in ba shi komai yanzu sai ruwa zalla mai yawa, ya wanke ƙasar ya fita ta hujin ƙasa, don wanda ya ƙone ba a ɗura masa abinci. In ya yi toho, sannan.

Na koma wajen tsoho na tambaye shi. Ya ce ba a fesa komai, injinsa ne maganin. Na kuma gaya masa ba ni da zomo ko ɗaya. Ya ce ya sani, mai zomo ba ta zuwa da littafi a hammata.

Kin ga matsalar? Abin nan ba ya yiwuwa a ɓoye. Ɓoyon ne ma ya ruɓar da na farko. Dole ya zauna a fili, dole in fito kullum in tsaya a tsakar gida ina motsawa, kowa yana kallo. Na kwana biyu ina tunanin wannan, na ga ya fi mini wuya a kan warin.

Na ajiye sabon bokiti a gindin lemon, a sarari. Da na koma ɗaki na tarar Mama ta yanke tsohon gidan sauro, ta ninke a kan gadona.

Ki ci gaba da karatunki. Ba na fushi, amma kada ki sake ce masa ice.

Ƙanwarki,
Auta


Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya aiki? An ce an fara barin ku kuna yin allura, Allah ya jiƙan hannun mutane. Mama tana gaishe ki, Baba yana gaishe ki, Tela ma ya ce a gaishe da likita. Na huce, don haka wannan takardar doguwa ce.

Ranar farko da na fito da sandar tsintsiya zan motsa bokiti, sai na tarar da tsakar gida cike. Lokacin kowa yana layin famfo. Uwar Bene ta ce a toshe hanci, mai dafa annoba ta ɗora sabuwar tukunya. Tela ya leƙo ya tambaya ko yau wane turare za a sa. Na sunkuyar da kai na yi ta juyawa, kunnuwana suna zafi. Washegari na sake fitowa. Da aka kwana biyu sai abin ya ishe su, suka koma zancen wutar lantarki. Ashe kallon mutane ma gajiya yake yi, ban sani ba sai yanzu.

Wannan karon bai yi ɗoyi ba, ƙamshin fili bayan ruwan sama yake yi, da ɗan tsami kaɗan. Na tace da gidan sauro, na sirka, na gwada a kan na'ana'ar Mama ta gwangwanin taga. Ta yi kore shar har tana leƙa waje. Lemon kuwa ruwa zalla nake ba shi, yana tsaye tsirara, ko alama babu. Kullum ina duba rassan sama har wuyana ya gaji.

Ranar da aka sa, mai shara ya turo kurarsa da safe. Ya ɗora kujera, ya ɗora taya. Uwar Bene tana tsaye da igiyarta da guduma. Baba ya naɗe hannun riga ya nufo kusurwa, bai yarda mun haɗa ido ba. Ni kuwa tun kafin su iso na haye bakin duron na zauna, na buɗe littafi. Ko kalma ɗaya ban gani a shafin ba. Baba ya ce in tashi. Ban tashi ba. Ya sake faɗa a hankali, irin muryar da yake yi in ba ya son a ji mu. Na ce masa wakili cewa ya yi a kwashe abin da ya mutu, to a fara tabbatarwa.

Uwar Bene ta ce wannan ai ko makaho ya shafa ya san itacen wuta ne. Ta kama reshen sama ta karya, ya yi ƙas, busasshe. Malama ta taɓa ce mini in kankare ɓawo da farce in ga abin da ke ciki, amma ban taɓa yi ba, tsoro nake kada in ga abin da ba na so. Ranar dai babu wurin gudu. Na kankare daidai kafaɗata, busasshe. Na sauko daidai ƙugu, busasshe. Uwar Bene ta fara warware igiya. Mai shara ya ce 'yan mata a yi haƙuri, rana tana yi. Na durƙusa na kankare can ƙasa, kamar taƙin hannu ɗaya daga bakin ƙasar duron.

Kore, Yaya. Kore mai danshi, har da ƙamshin nan nasa a farcena. Kuma a gefen da ke kallon bango, inda ban taɓa dubawa ba don kullum sama nake kallo, ga wani ɗan toho kamar ƙwayar shinkafa.

Na miƙe. Ban shirya maganar ba, ba kuma daga littafi na ɗauko ta ba. Na ce, “Mataccen naku ne, ku ɗauka. Mai ran nawa ne, kuma ba mai taɓa shi.”

Har baranda aka ji ni. Ni kaina sai da na waiga in ga wa ya yi magana.

Mai shara ya ce shi dai shara aka kira shi ya kwasa, ba ya ɗaukar abin da ke numfashi, balle da mai shi zaune a kai. Na roƙi Tela almakashi, ya ce almakashin yadi ba ya cin itace, amma ya shiga ya fito da ƙaramin zarto. Ni na yanke da hannuna, ɗan sama da tohon. Duk tsawon nan da kika yi shekaru kina aunawa da kaina, na miƙa wa mai shara ya ɗora a kan taya. Ban yi kuka ba sai da kurar ta fita.

Baba ya matso kusa. Ya warware hannun rigarsa, ya tsaya yana duban ɗan tohon, ya ce wa Uwar Bene ai ga sama nan ta buɗe, igiya za ta wuce ba tare da an ɗaga duro ba. Ta yi ƙunƙuni, ta ce yaran yanzu ba kunya, amma ta kafa ƙusarta. Ni ma na ga kayan jaririn suna bukatar rana, ban ce a'a ba. Na dai gaya mata, da bakina, a riƙa matse wanki sosai kafin a shanya ta wannan gefen, don ruwan sabulu ba ya yi masa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce ashe Shiru-shiru tana da harshe. In ta manta, tsohuwar laimarki nake kafa masa har ɗigar ta tsaya. Wannan ma na ɗauka, ki sa a lissafin turare.

Yanzu toho uku ne, ganyen suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Na fara ba shi takin, sirkakke sosai, sannu sannu. Tsoho yana ajiye mini ciyawa a bakin katanga, har yanzu Mai Zomo yake ce mini. Littafin likitan kuwa na gama shi, ya tuna matarsa a shafin ƙarshe, amma ban ji daɗinsa kamar da ba. Ita matar ba abin da ta yi sai jira a bakin taga.

In kin zo hutu za ki tarar da shi bai wuce gwiwarki ba, kada ki yi masa dariya. Igiyar Uwar Bene tana can sama da shi, tana ganin ta ci gari. Kullum da safe ina motsa bokitina, in dubi igiyar, in dubi lemona. Sama yake nufa, kuma kin san shi da ƙaya. Ranar da suka haɗu, ba shi ne zai matsa ba.

Lemon farko kuma nawa ne. In kina so, sai ki roƙa.

Ki gaishe da duk na kusa da ke. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ƙanwarki mai lemo,
Auta